An ba kasuwarmu wa'adin wata uku, za a rushe a gina filaza: akwai inda 'yan asali suka taɓa komawa?

Ɗan_Rumfa87:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa ganin irin wannan da idonsa. Makon jiya aka zo aka manna takarda a ƙofar kasuwarmu, an ba mu wata uku mu kwashe kaya, za a rushe a gina ta zamani, bene hawa uku da wurin ajiye motoci. Ba zan faɗi sunan garin ba domin shugabanninmu suna kan magana da hukuma.

Rumfar da nake ciki ta mahaifina ce, shi ma a hannun kakana ya gaje ta. Kayan koli muke sayarwa. Abin da muka mallaka shi ne takardar ƙaramar hukuma da rasiɗan haraji da Baba ya tara shekara da shekaru a cikin adaka. An ce idan an gama ginin mu za a fara ba dama mu saya. Na ji farashin da ake raɗe-raɗi, ko na sayar da duk kayan rumfar na haɗa da babur ɗina ba zan biya rubu'insa ba. Wannan mu ke nan masu rumfa. Masu tebur, da mata masu daddawa da kuka a bakin layi, da 'yan dako, ko ambatonsu ba a yi a takardar ba.

Tambayata: akwai inda aka sabunta kasuwa a tsakiyar gari, mutanen cikinta na asali suka koma suka ci gaba da neman abincinsu? Ko mu fara neman inda za mu dosa?

Abu_Khadija:
Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo muku mafita. Ka adana rasiɗan nan kamar ranka, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a wuri biyu.

BaTudunWada:
Ɗan'uwa, zo Kaduna ka tambayi labarin Kasuwar Barci. A watan Maris na 2020 aka rushe ta a cikin shirin sabunta birni na gwamnatin El-Rufai, kwanaki kaɗan kuma aka shiga kullen korona. Ka lissafa: babu shago, babu fita. Kasuwa ce da ta shahara da teloli da 'yan gwanjo da masu yadi, mutum zai sayi yadi a layi ɗaya, ya tsallaka ya ba tela, ya karɓi maɓalli da zare a layi na gaba. An gina sabuwa, ginin kuma ya yi kyau, ba mai musun haka. Amma telolin sun watse cikin unguwanni, wasu a zauren gida suka kafa keke. Wanda ya shekara biyu ba ciniki, da me zai sayi shago ranar da aka buɗe? Jarin ya tafi a cefane tun tuni.

Injiniya_MB:
Ina tausaya wa mai tambaya, amma bari in faɗi abin da ba a son ji. Aikina tsara gine-gine ne, na shiga kasuwanninmu da yawa da ma'auni a hannu. Layin da baro biyu ba za su wuce juna ba, wayoyin lantarki a cukurkuɗe a saman kwano, janareto a ƙofar kowane shago da jarkar fetur a gefensa. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama da wuta, dubban shaguna suka ƙone. A 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, aka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Duk mai cewa a bar kasuwa yadda take, ya gaya mini ta ina motar 'yan kwana-kwana za ta shiga. Gari yana girma, kasuwar da aka yanka wa ƙaramin gari ba za ta ɗauki birni ba.

Ɗan_Rumfa87:
Injiniya, ban ce a bar ta yadda take ba. Mu muke kwana da fargabar wutar nan, mu muke yashe kwata da hannunmu duk damina. Mun fi kowa son gyara. Abin da nake tambaya, idan an gyara, wa zai zauna a ciki?

Hajiya_MaiAtamfa:
Injiniya, ka kawo Kwari, to ka ƙarasa maganar. Masu tebur ne suka yi gini a kan magudanar ruwa? Mai tebur da yamma yake naɗe kayansa ya kai ajiya. Gini a kan hanya da kwalbati sai mai kuɗi da takardar izini a hannu. Wato cunkoson da ake kafa hujja da shi a kori ƙananan 'yan kasuwa, sau da yawa daga ofis aka sa masa hannu. Ina sarin atamfa sama da shekara ashirin, na ga filin da muke sauke dila ya zama shaguna, na ga inda ake alwala ya zama shaguna. Sai wuri ya toshe a ce kasuwa ta tsufa.

Lauya_Sadiq:
Ɗan_Rumfa87, ga abin da doka ta ce a taƙaice. A kundin tsarin mulki na 1999, kafa kasuwanni da kula da su yana cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma yana da ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka a kan filin ce. A nan ƙaramin ɗan kasuwa yake faɗuwa, domin dukiyarsa ta gaskiya ba bulo da kwano ba ce, wurin zamansa ne da mutanen da suka san inda za su same shi, kuma ba a yi wa wannan kuɗi.

Takardar da ke hannunka ta ba ka izinin zama ne, ba mallakar filin ba, amma tana da amfani ƙwarai. Kada ku je kotu ɗaya-ɗaya. Ku tabbatar ƙungiyarku tana da rajista, ku nemi a ba ku kwafin yarjejeniyar da aka ƙulla da mai ginin, kuma duk alƙawarin da aka yi muku a rubuta shi a sa hannu kafin katafila ta iso. Kotu tana iya dakatar da rusau kafin a yi. Bayan an yi, sai dai maganar diyya. Ka duba shagunan Filin Idi na Kano da aka rushe a watan Yuni na 2023: Babbar Kotun Tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Sani_Fagge:
Lauya, Filin Idi daban ne. Can shaguna ne sababbi da aka yanka a filin sallah, wannan kuwa tsohuwar kasuwa ce ta gado. Kada a haɗa.

Lauya_Sadiq:
Gaskiyarka Malam Sani, asalinsu ba ɗaya ba ne. Na kawo shi ne don a ga tazarar da ke tsakanin abin da kotu ta yanke da abin da ya shiga hannu.

Kwankwason_Gobe:
To ai wanda ya sayar da filin idi shi ya jawo. Ku riƙa faɗin gaskiya.

Shugaban_Zaure:
Don Allah a bar siyasar jam'iyya a waje. Kowace gwamnati ta yi nata rusau ɗin. A koma kan tambayar bawan Allah.

Issoufou_Yamai:
Gaisuwa daga Nijar. Abin naku namu ne. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987, har yau tana nan a tsakiyar gari tana ci. Ƙaramar kasuwa kuwa, wadda muke kira Petit Marché, inda mata ke zuwa cefanen kayan miya, ta ƙone a 2012, ba a maida mutanenta wurin ba, suka bazu cikin wasu kasuwanni da bakin titi. A 2016 kuma aka bi manyan tituna aka kwashe rumfuna da kiyos-kiyos don a ƙawata birni. Abin da na lura da shi, wanda aka kora daga tsakiyar gari ba ya barin sana'a, ba shi da wata. Zai ɗauki tire ko baro ya dawo wurin da mutane suke. Sai a wayi gari mai rumfa da ke biyan haraji jiya ya zama mai gudun 'yan sanda yau. Gari bai samu tsabtar ba, hukuma ta rasa kuɗin shiga, shi kuma ya rasa mutuncinsa.

Zango_Kumasi:
Mu ma a Gana mun gani. A Ankara babban birninmu, watan Yuli na 2021 aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie aka kai su Adjen Kotoku, can bayan gari. Da yawansu mutanenmu ne, albasar ma daga Nijar take zuwa. Babbar mota ta ji daɗin fili, amma matar da ke sayen ƙaramin buhu ta kasa a unguwa sai kuɗin mota ya cinye ribar. A nan Kumasi an gina sabuwar kasuwar Kejetia, shaguna dubbai, kuma an yi rajistar mutane kafin a tashe su, wannan ya taimaka. Kashi na biyu na aikin shi ne darasi: an tashi mutanen tsohuwar babbar kasuwa, aka fara gini, kuɗi suka yanke, aikin ya tsaya shekaru. Ɗan_Rumfa87, ku tambayi mai ginin nan inda kuɗinsa suke. Idan da kuɗin da za ku biya na shago yake shirin yin ginin, ku yi hattara.

Malam_Tanko_Jos:
Maganar Zango_Kumasi ta taɓa ni. Kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a watan Fabrairu na 2002. Yaron da aka haifa a shekarar ya yi aure, kasuwar ba ta dawo ba. Wucin gadi a ƙasar nan yana iya zama shekara ashirin.

Dattijo_Jakara:
'Ya'yana, ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, tsufa ne. Na tashi a gefen kasuwar Kurmi ta Kano, a can na koyi ciniki a rumfar kawuna, ɓangaren 'yan turare. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Fatake daga Agadas da Gadamas da Borno da Gwanja duk a nan suke sauke kaya. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya shiga cikinta ya rubuta abin da ya gani. Rumfunan an sāke su ba sau ɗaya ba, na yanzu ba su ne na Rumfa ba. Abin da bai sāke ba shi ne tsarin: dukawa a wurinsu, 'yan littafi a wurinsu, masu sirdi da linzami a wurinsu, kowace sana'a da shugabanta, rigima ta taso a kashe ta a rumfa kafin ta kai gaban alƙali.

Ga abin da mai zanen gini ba ya gani. Yaro yana zuwa yana ɗan shekara goma sha biyu, yana share rumfa yana kai saƙo. Bayan shekaru ubangidansa ya yaye shi, ya ba shi kaya bashi da ɗan gefen rumfa ko tebur a ƙofa. Haka aka yi mini, haka na yi wa yara bakwai. Tebur ɗin nan da ake raina shi, shi ne matakalar farko. Duk attajirin da kuke ji da shi a kasuwar Kwari ko ta Singa, ku bincika, ko shi ko ubansa daga tebur ya fara. Idan aka gina kasuwar da ba ta da wurin tebur, mafi ƙanƙantar shago sai mai miliyoyi, to an cire matakalar. Ɗan talaka ta ina zai hau?

Sannan bashi. Nakan ba mutumin ƙauye kaya ba takarda, domin shekara talatin yana zuwa rumfar nan, na san ubansa. Ranar da aka watsa mu, shi bai san inda na koma ba, ni ban san inda zan same shi ba. Ba wanda ya ci amanar wani, amma amanar ta mutu.

Hajiya_MaiAtamfa:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar bashin nan ita ce gaskiyar da ba a rubutawa. Har adashinmu na mata a layi yake tafiya, uwar adashi tana zagayawa da la'asar. A watsa layin, adashin ya watse.

Injiniya_MB:
Baba Dattijo, na karɓi gyara a kan tebur, kuma laifin namu ne masu zane. Ana iya zana kasuwa da buɗaɗɗen fili mai rufi a ƙasa, a yi dakali-dakali na masu tebur da masu kayan gwari, a bar layi mai faɗin da mota za ta shiga. Ba a yi ne domin mai zuba jari shago mai ƙofa yake iya sayarwa, dakali ba ya kawo masa kuɗi da sauri. Kuma bene hawa uku a kasuwar koli kuskure ne ko ta fuskar sana'ata. Mai sayen allura da zare ba zai hau bene ba. Ku zaga filazojin da aka gina, hawa na sama ko sito ne ko a kulle. Kasuwar Tejuosho ta Legas ta ƙone a 2007, aka sake gina ta aka buɗe a 2014, aka daɗe ana kukan shaguna sun fi ƙarfin mutanen da, su kuma suna kasa kaya a titunan da ke kewaye.

Amma har yanzu ina nan a kan bakana: akwai sana'ar da dole ta bar tsakiyar gari. Manyan motocin hatsi ba su da abin yi a cikin birni, shi ya sa kasuwar hatsi ta Dawanau da ke bayan garin Kano ta yi albarka a inda take.

Pharm_Aisha:
Haka ma magani. Da aka matsa wa 'yan magani na Sabon Garin Kano su koma cibiyar Dangwauro a kan titin Zariya, har aka rufe shaguna a watan Fabrairu na 2024, mutane da yawa sun yi kuka, kuma na fahimci kukan. Amma magani a cikin zafin rumfar kwano lalacewa yake yi, ga jabu da ba a iya bibiya. Wannan tashin yana da dalilin da ya shafi ran mutane. Ba daidai yake da a tashi mai daddawa don a samu wurin ajiye motoci ba. A riƙa bambancewa.

Matashi_2k:
Ni dai a gaskiya na fi son in shiga wuri mai sanyi, farashi a rubuce, ba ja-in-ja. Zamani ya canza, yanzu ma a waya ake ciniki.

Sani_Fagge:
Ƙanena, ba wanda ya hana a gina irin wannan, a gina a fili daban. Ado Bayero Mall tun 2014 take, ba ta hana Kasuwar Rimi ci ba. Shoprite ma ta rufe reshenta na Kano a watan Janairu na 2024, Rimi da 'Yankaba suna nan. Mafi yawan mutanen gari awo suke yi kullum, gwangwani ɗaya, rabin kwano, man ɗari biyu. Wanda zai auna maka haka, har ya ce kawo sauran gobe, a kasuwa yake. Masu sayarwa a waya kuma ina kake tsammani suke sarowa?

Bukar_Yerwa:
Mai tambaya ya ce ko akwai inda mutane suka koma. Akwai. Kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone ranar 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa. Gwamnatin Zulum ta sake gina ta a wurinta, aka buɗe a cikin shekarar, aka yafe wa 'yan kasuwa hayar shekara biyu. Ba na cewa kowa ya gamsu, an yi ƙorafi wajen rabo, musamman waɗanda suke haya a hannun wasu da masu zama a bakin hanya. Amma abu uku sun yi aiki: da kuɗin gwamnati aka yi, ba a miƙa wa mai neman riba ba, an yi da sauri, kuma an tantance mutane da hannun shugabannin kasuwa.

BaTudunWada:
Bukar, ka faɗi inda gizo ke saƙa: masu haya a hannun wasu. A kasuwanni da yawa mai takarda yana gida ko ya rasu, magada suna karɓar haya, wanda ke zaune a shagon shekara goma sha biyar ba shi da komai da sunansa. Ranar rabo mai takarda za a kira.

Inna_Ladi:
Ɗana ne yake rubuta mini. Ni mai kuka da kuɓewa da daddawa ce, shekara ashirin da shida a bakin layi ɗaya, da shi na aurar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar ubansu. An taɓa tashinmu a garinmu, aka kai mu wani fili bayan tasha, ba inuwa ba ruwa ba masu saye. Kullum ana karɓar kuɗin tikiti a hannuna, amma da aka zo rubuta sunaye aka ce mu ba 'yan kasuwa ba ne. Shugabannin da suka shiga ofis duk maza ne masu shago, suka fito da nasu. Ɗan_Rumfa87, ɗana, na ji daɗi da ka ambace mu tun a farko. Idan za ku zauna da hukuma ku tafi da mace ko ɗaya ce.

Lauya_Sadiq:
Inna ta faɗi abin da na manta. Ku yi ƙidayar kanku kafin a yi muku: layi-layi, suna, sana'a, shekarun zama, hoto a gaban rumfa ko tebur, mai takarda da mai haya kowa da gurbinsa. Tikitin kullum ma shaida ne. Ku kai kwafi ga ƙaramar hukuma da fadar hakimi da ɗan majalisarku, a buga muku hatimin karɓa. Sannan ku nemi a yi ginin kashi-kashi, a gama ɓangare ɗaya mutanensa su koma kafin a taɓa na gaba, kuma biyan kuɗin shago ya zama a hankali cikin shekaru. Ku sa ido a kan shugabanninku ma. Wanda aka yi wa alƙawarin shago biyu a gaba, bakinsa yakan yi nauyi.

Injiniya_MB:
Kashi-kashi yana ƙara tsada da lokaci, mai gini zai ƙi. Amma ana yi, kuma idan kun samu mai zane ya duba muku taswirar kafin ku sa hannu, ku ƙirga shagunan ƙasa ku gwada da yawanku. Idan ba su kai ba, kun san amsar tun yanzu. Ka turo mini hotonta ta akwatin sirri in duba maka, ba sai ka biya ba.

Ɗan_Rumfa87:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Na karanta wa Baba maganar Dattijo_Jakara, ya yi shiru ya daɗe. Mun zauna da matasan layinmu jiya bayan isha, za mu fara ƙidayar ranar Asabar. Wasu manya ba su so, suna cewa za a ɗauka mun yi wa hukuma tawaye, har yanzu muna lallashinsu. Taswirar kuma ba a nuna wa kowa ba, shugabanmu ya ce shi ma a allon kwamfuta kawai ya gan ta. Malam Bukar, a Maiduguri wa ya riƙe jerin sunayen, ƙungiya ko kwamitin gwamnati?

Inna_Ladi:
Kada ku yi ƙidayar da sassafe. Matan ƙauye masu nono da ganye sai hantsi suke isowa, masu ƙosai da awara kuma sai bayan la'asar suke fitowa. Ku zaga sau biyu.